Babban Yatsan Goggo Ladidi

Tun ladanin Gangare bai gyara murya ba
Goggo Ladidi ta dokan min ƙofa da sanda:
"Tashi, Barau, ta da kekenka.
An ce wanda ya riga ka barci shi zai riga ka tashi,
ni shekara huɗu ban runtsa ba, ga shi na riga ka."

Sanyin Jos na cizon kunne.
Ta yafa bargo a kan mayafi,
katin zaɓenta ƙulle a bakin zane,
inda a dā take ƙulle kuɗin kuza.

A firamare layi ya yi wutsiya har bakin kwata.
Ga Dalyop mai walda, ga Chundung da fulas ɗin shayi,
ga Tanimu mahauci ya bar wuƙa a gida.
Mu ne fa, waɗanda in gari ya ɗau zafi
kowa ya san titin da ba ya bi.
Yau kafaɗa na gogar kafaɗa,
kuɗin mudun masara ya mai da mu 'yan ɗaki ɗaya.

Wani ya raɓo ta bayan aji uku
yana raɗa, yana buɗe bakin leda:
taliya, dunƙulen magi, sabulu sanda guda.
Goggo ta dube shi sama da ƙasa.
"Ɗana, wancan karon na karɓa.
Miyar ta ƙare ran Laraba,
su kuwa har yau ba su ƙare ba."

Sai da rana ta take tsaka aka zo kanta.
'Yar bautar ƙasa ta kama mata yatsa
ta ɗora kan gilashin na'ura.
Shiru.
Ta goge da gefen riga, ta sake. Shiru.
"Mama, ba ta ganin zanen yatsanki."

"Ina za ta gan shi, 'yar nan?
Yana can Barikin Ladi, ƙasan kududdufi.
Shekara talatin ina wanke kuza a ƙwarya.
Yashi ya cinye zanen, kamfani ya kwashe kuzar,
aka bar mana ramuka
suna haɗiye mana awaki, wata shekarar har da yaro.
In yatsa ya ɓace miki, ga fuska."

Ta gyara ɗankwali kamar mai zuwa suna,
ta miƙe wuya, ta tsare na'urar da ido
har na'urar ta ji kunya ta amsa.
Layi ya kaure da tafi, Dalyop har da fito.

Ta jima a bayan kwalin nan.
Takardar doguwa ce kamar lissafin mai kanti.
Ban tambaye ta wa ta dangwala wa ba,
na dai ga ta ninke ta a hankali
kamar mai ninke likkafanin wani abu.

Na ce, "Goggo, ni fa na gaji da sa rai.
Rabin abin da nake samu gidan mai yake kwana.
Wa ya ce na gaba ba ƙanin na baya ba ne?"
Ta lakato min goro ta ce,
"Kai yaro ne. Kuza ba ta fita a wankin farko.
Zubarwa ake, a ɗebo, a sake zubarwa,
baƙin da ya kwanta a gindin ƙwarya shi ne naka."

Magariba ta yi, ba wanda ya motsa.
Muka kunna fitilun waya a kan akwati
muna bin bakin malamin zaɓe:
tamanin da bakwai, tamanin da takwas,
Chundung na rubutawa a tafin hannu.
Abin da zai sami lambobin nan
tsakanin nan da Abuja, Allah masani.

Da na dawo keke na tarar ta yi barci,
barcin farko, in ji ta, cikin shekara huɗu,
hannunta ɗaya a waje da bargo,
tawada ta bushe a yatsan da ba shi da zane.
Ban ta da inji ba.
Na tura keken da ƙafa har gida.